Kano zuwa Damagaram da taswira a cinya

A taswirar da na ɗauko, tsakanin Kano da Damagaram bai wuce santimita biyar ba. Taswirar hanya ce ta Michelin, wadda ta haɗa arewaci da yammacin Afirka a takarda ɗaya, ma'auninta 1:4,000,000. Wato duk santimita ɗaya a takarda, kilomita 40 ne a ƙasa. Kilomita 200 ke nan a miƙe, in da mutum zai tashi sama ya sauka. Lissafin latitud ma haka ya ba ni: Kano tana kan digiri 12 arewa da ikwaita, Damagaram tana gab da digiri 14, kuma kowane digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne. Kwalta kuwa lanƙwasa take yi, tana neman garuruwa, har ta kai wajen kilomita 240.

Direban da muka shiga motarsa a tashar Ƙofar Ruwa bai damu da ko ɗaya daga cikin alƙaluman nan ba. Da na tambaye shi nisan tafiyar, sai ya ce, "Malam, in hanya ta yi kyau, la'asar a Damagaram za mu yi ta. In ba ta yi ba, sai isha'i." Wata dattijuwa da ke kujerar baya ta ce ita nisan da ta sani shi ne kuɗin mota ya ninka na shekarun baya, don haka Damagaram ta ƙara nisa. Aka yi dariya, amma maganarta tana kan hanya. Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare, kuma abin da muke fama da yara su gane ke nan: akwai nisan da ake aunawa da rula, akwai wanda ake aunawa da agogo ko da aljihu. Na farkon ba ya canzawa. Na biyun kuwa shingen hanya ɗaya ko tsadar fetur na iya miƙa shi, sabuwar kwalta ta taƙaita shi.

Kakar 2022 ce, an yanke gero, dawa na tsaye. Ɗaurin auren 'yar kawuna za ni, a unguwar Zango.

Muka bi ta Dawanau, inda manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin kasuwar hatsi. Wake da riɗi na shigowa daga Nijar, masara da dawa na fita can. Wanda zai zana taswirar inda hannun kasuwar nan yake kaiwa, zanensa zai ƙetare iyakokin ƙasashe da dama, kuma ba zai yi kama da taswirar jiha ko ta ƙasa ba. Irin wannan yanki, wanda cibiya ɗaya ke juya shi, shi muke kira yankin hulɗa, don a bambanta shi da yankin mulki, wanda hukuma ta shata ta sa masa suna.

Daga nan har Ɗambatta ban ga daji ba, kuma na sa ido ina nema. Gona ce ke bin gona, gida na bin gida, ga ɗorawa da kuka da tsamiya tsaye jefi-jefi a tsakiyar karan dawa. Ba saura, ba fili da aka bari ya huta. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana nazarin wannan kewaye tun daga shekarun 1960, ya kira shi yankin Kano mai matsattsen zama. Tambayar da ta dame shi ita ce yadda ƙasa ɗaya take ba da amfani kowace shekara ba hutu, alhali jama'a sai ƙaruwa suke. Amsar tana wurin taki da dabbobin gida da itatuwan gona, da jakunan da a da suke shiga birni da itace su fito da shara da toka zuwa gonaki. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4 a faɗin ƙasa kusan murabba'in kilomita 20,000. In aka raba, kowace murabba'in kilomita tana ɗauke da mutum sama da 450. Wannan lissafi shi ne cunkoson jama'a, kuma daga tagar mota ana ganinsa da ido, ba sai an buɗe littafi ba.

Duwatsun Kazaure suka ɓullo, mun shiga Jigawa ke nan. Ba a jima ba muka faɗa Jihar Katsina. Jihohi uku kafin azahar, kuma in ba don allunan bakin hanya ba, babu abin da zai nuna maka. Kazaure tana cikin Jihar Kano har 1991. Mutumin Daura da aka haifa a 1960 ya zauna a Jihar Arewa, ya zauna a Arewa ta Tsakiya daga 1967, ya zama ɗan Kaduna a 1976, ya zama ɗan Katsina a 1987, duk bai gusa daga gidan ubansa ba. Taswirar da ke bangon ajinmu kuwa kowane sauyi sai an sauke ta an sayo sabuwa.

A Daura muka tsaya salla da cin abinci. Ban je Kusugu ba, direba ya ce ba yawon buɗe ido ya kawo mu ba. Muka wuce Mai'aduwa, sai Kwangwalam.

A taswirata iyakar layi ne mai kauri, an yi masa ɗigo-ɗigo da launi, shi ne abin da ido yake fara kamawa a duk takardar. A ƙasa kuwa sanda ce a gicciye, da ofis, da tuta, da masu canjin kuɗi, da 'yan mata masu tallar gyaɗa da dafaffen ƙwai. Muka sauka aka duba takardunmu. Ina tsaye ina kallon hagu da dama ko zan ga inda layin ya bi, sai gonaki kawai, kunya ɗaya na bin ɗaya, da wata 'yar turba da masu babura da amalanke ke bi. Wani dattijo mai sayar da goro ya ga ina ta waige-waige da takarda a hannu, ya ce, "Ɗana, me ya ɓace maka?" Na ce, "Baba, iyakar nake nema." Ya nuna wata kuka can nesa da haɓarsa, ya ce daga wajen nan take, amma gonar ƙanensa tana bayanta, kuma da safiyar nan ma ya je ya dawo.

Layin nan yana da tarihin da ya kamata kowane Bahaushe ya sani, ko na wane ɓangare ne. A 1890 Ingila da Faransa suka fara shata shi a takarda, daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a gaɓar tafkin Chadi. Firaministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, da bakinsa ya yi raha cewa suna ta raba duwatsu da koguna da tafkuna a tsakaninsu, matsala ɗaya kawai ita ce ba su san takamaimai inda abubuwan suke ba. A 1898 suka sake zama, aka kafa tsinin kamfas a kan birnin Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. A takarda abin ya yi kyau. Da Faransawa suka tashi tafiya daga Kwara zuwa Damagaram ta bayan bakan, sai suka tarar hanyar da aka bar musu ba rijiya, ba shuka. Masu zanen sun san latitud da longitud, ba su san inda ruwa yake ba. A yarjejeniyar 1904 Ingila ta yarda ta janye layin kudu, Faransa kuma ta saki wani tsohon haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can gabashin Kanada. Da wannan ciniki, da gyaran da aka ƙara a 1906, Birnin Ƙonni da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawaga ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamomi sama da ɗari. Iyakar da suka bari ita ce ta yau, kusan kilomita 1,500.

Mu malamai muna son mu tsaya a nan, mu ce wa yara ai iyaka zanen banza ne na Turawa, jama'a ɗaya ce. Maganar tana da daɗin faɗi, amma ba ta cika ba. Na farko, layin bai faɗo a kan ƙasar da ba ta da rabe-rabe ba. A wurare da yawa ya bi tsohuwar ɓaraka tsakanin daular Sakkwato da waɗanda ba su bi ta ba: Katsinawan Maraɗi, Gobirawan Tsibiri, da Damagaram wadda da Barno take da alaƙa, kuma ta sha gwabzawa da Kano. Na biyu, layin da aka ƙirƙira, in ya shekara ɗari ana karɓar haraji da shi, ana buɗe makarantu da shi, ana rufe shi ana buɗewa, to ya zama gaske. Waɗanda suka ga yadda kasuwannin bakin iyaka suka yi tsit daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, lokacin da Najeriya ta rufe ta, ba za su ce maka zanen banza ba ne.

Muna wuce Ɗan Barto abin ya fara bayyana. Hausa ɗaya, fura ɗaya, gaisuwa ɗaya, amma allunan hanya sun koma Faransanci, duwatsun awon hanya farare masu jan kai, kuɗi ya koma dala da jikka, mai kaki ya zama jandarma. Duk waɗannan na san da su. Abin da ya sa na ajiye taswira na manne da taga shi ne itatuwa.

Tsakanin iyaka da Matamaye da Kance, gawo ne ko'ina. Ba kurmi ba ne, gonaki ne, amma kowace gona da gawonta, manya da matasa da ƙanana da aka yi wa aski aka bar musu reshe ɗaya ko biyu. Lokacin ne suke fara fitar da sabon ganye, don gawo da damina yake kaɗewa, ya bar wa gero rana, da rani kuma ya yi kore ya zubar wa awaki 'ya'ya. Wani fasinja da ya hau a Matamaye, manomi ne kuma ɗan kasuwa, ya ce mini ba wanda ya dasa su. Bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984, ƙasar ta kusa zama fako, iska na binne shuka sai an maimaita sau biyu ko uku. Sai mutane suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture lokacin sharar gona, suna zaɓar mai ƙarfi su rene shi. Sassabin zamani suke ce masa. Ya ce abin da ya ƙarfafa su shi ne da suka tabbata itacen da ke gonar mutum nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Ya ƙara da labarin da kowa ke bayarwa a yankin, cewa Sarkin Damagaram Tanimun a zamaninsa ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin nan shi ne yadda aka gano girmansa. Kowane manomi gonarsa ya sani, da ta maƙwabcinsa. Hukuma a Yamai kuwa tana ta rubuta cewa hamada na cinye ƙasa. Sai da masu bincike suka ɗauko hotunan sama na shekarun 1970 suka jera su da hotunan tauraron ɗan'adam na bayan shekara ta 2000, sannan aka ga cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram kusan hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, ƙiyasin wajen miliyan 200. A wasu hotunan ma ana iya bin iyakar da ido, don gefen Nijar ya fi duhun itace, alhali gefen Najeriya ne ya fi samun ruwan sama. Wannan ita ce maganar ma'auni da nake ta maimaitawa a aji. Taswirar 1:50,000, irin wadda ofishin safiyo ke bugawa, santimita biyu ne kilomita ɗaya, za ta nuna maka rijiya da turba da makabarta, amma ba za ta nuna maka jiha ba. Tawa ta 1:4,000,000 tana nuna ƙasashe da dama, amma Kance a cikinta ɗigo ce. Ba wadda ta fi wata gaskiya. Tambayar da ke bakinka ita ke zaɓar maka wadda za ka buɗe.

A Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta Maraɗi, muka juya gabas. Muka ratsa Tirmini, inda sojan Faransa suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a 1899, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Damagaram. Direba bai rage gudu ba. La'asar sakaliya muka shiga gari.

Duwatsu ne suke fara tarbar baƙo a Damagaram, manyan ƙwallaye masu santsi a jibge kan juna, gidaje sun kewaye su, wasu ma sun jingina da su. Kawu yana zaune a zaure da mutanensa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Ɗan Kano, ka iso? Ina mutan gidan? Ina uwar taka?" Kafin in gama amsawa an kawo ruwa a moɗa, kuma na lura yadda aka miƙo shi da yadda aka karɓi saura aka zuba wa tunkiya. A garin nan ba a zubar da ruwa a ƙasa.

Washegari bayan an ɗaura aure an watse, wani jikan kawu ɗan lakwal ya zagaya da ni. Garin asali biyu ne. Akwai Birni, inda fadar sarki take da babban masallaci da sauran ganuwar da Tanimun ya gina a ƙarni na 19, lunguna ƙanana, gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuska. Akwai Zango, ɗan nesa kaɗan a arewa, inda ayarin Buzaye da fatake suke sauka da raƙuma, nan ne attajirai suka yi gidajensu. Mulki a gefe, kasuwa a gefe, sai Faransawa suka zo suka kafa barikinsu a kan dutse suka cike tsakanin da ofisoshi. Bakano ba zai rasa gane tsarin ba, don mu ma haka Fage take a wajen badala.

Masu labarin ƙasa suna raba abu biyu game da kowane gari: mazauninsa, wato irin ƙasar da aka kafa shi a kai, da matsayinsa, wato inda ya faɗo tsakanin sauran garuruwa da hanyoyi. Ban taɓa ganin inda biyun suka yi hannun riga kamar Damagaram ba. Matsayinta na sarauta ne: hanyar Agadas da Tarabulus ta sauko ta nan zuwa Kano, hanyar Barno ta gitta ta nan, gishirin Bilma da fatu da gashin jimina da tufafin Kano duk sun kwana a Zango. Mazauninta kuwa dutse ne, ruwan ƙasa ba ya zama a cikinsa sai kaɗan. Har yau daga rijiyoyin da ke wajen gari ake turo ruwan famfo, kuma da rani 'yan garuwa su ne sarakai. Faransawa sun mai da ita hedikwatar mulkinsu na Nijar a 1911, suka kwashe suka koma Yamai a 1926. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan, haka ma kusancinta da Kano, don duk harkar garin kudu take kallo, wajen Ingilishi. Matsayin ma bai dawwama ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka daina hawa raƙumi zuwa Bahar Rum, suka koma bin dogo zuwa Legas. Garin da yake ƙofar shiga ya koma ƙarshen hanya, duwatsunsa na nan inda suke.

Da dare yaron ya ɗauko littafinsa na makaranta don ya kayar da ni. Ya buɗe taswira ya ce, "Kawu, ai ƙasarmu ta fi taku girma." Na ce gaskiyarka. Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ce, Najeriya 923,768. Sai na ce ya nuna mini inda mutanen suke. Ƙidayar Nijar ta 2012 ta samu mutum miliyan 17.1, kusan 13 ke nan a kowace murabba'in kilomita. Amma wannan matsakaicin lissafi ba ya kwatanta ko'ina. Jihar Agadas ta fi rabin ƙasar faɗi, mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, ko mutum ɗaya ba ya cika a murabba'in kilomita. Jihar Damagaram kuwa tana da miliyan 3.5, mafi yawansu a matse a kudu, wajen Matamaye da Magarya da Mirya, inda zaman ya yi kama da na ƙasar Kano. Taswirar da ta shafa wa ƙasa launi ɗaya daga sama har ƙasa ɓoye wannan take yi.

A bangon littafin akwai taswirar duniya, irin ta Mercator, wadda aka fara bugawa a 1569 don masu tuƙin jirgin ruwa. Na nuna masa Girinlan na ce ya gwada ta da Afirka. Ya ce kusan ɗaya suke. Na ce Afirka ta ninka ta sau 14. Ya ƙi yarda, har sai da na ɗauko ƙwarya na ce ya shimfiɗa mini ita a ƙasa ta kwanta lebur ba tare da ta tsage ba. Duniya dunƙulalliya ce, takarda shimfiɗaɗɗiya, dole mai zane ya ja wani wuri ya matse wani. Mercator ya zaɓi ya tsare kusurwa don matuƙi kada ya ɓata, ya sadaukar da girman ƙasashe, shi ya sa duk abin da ya yi nesa da ikwaita yake kumbura. Laifin ba nasa ba ne, na wanda ya rataya taswirar matuƙa a aji ne.

Kawu yana jin mu. Ya ce in kawo takardar tawa. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Wannan gabas ɗinta ina?" Na nuna masa hannun dama. Ya girgiza kai, ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara zane da yatsa. Gabas ya sa a gabansa, inda yake fuskanta in zai yi salla. Ya dangwala Damagaram a tsakiya, ya ja layi zuwa Gure da Barno a gaba, Tasawa da Maraɗi a baya, Kano a dama, Tanut da Agadas a hagu. Bai sa iyaka ba, ba don ya manta ba, sai don ba ita yake son nuna mini ba. Abin da ya sa su ne kasuwanni da ranakun cinsu, da inda 'yan'uwanmu suke aure, da garuruwan da ya yi cin rani yana saurayi. Ɗora arewa a sama al'ada ce kawai. Al-Idrisi, da ya zana duniya a 1154, kudu ya sa a sama. Kuma zanen taswira ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen matafiyi Clapperton taswirar ƙasashen wannan yanki a Sakkwato a 1824, aka buga ta a Landan bayan shekara biyu. Abu ɗaya na yi wa kawu gardama a kai, shi ne alƙibla ba gabas tsantsa ba ce, daga nan ta karkata arewa da wajen digiri 20. Ya ce, "To wa ya ce maka ba mu sani ba? Je ka dubi masallacin Birni."

Ɗan kawu yana harkar dabbobi, zai je Tanut sayen raguna, na ce zan bi shi. Wannan guntuwar tafiya ita ta fi koya mini abu, ko da yake abin gani a cikinta kaɗan ne. Muka kama hanyar Agadas. Wajen kilomita 50 daga gari muka wuce matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, tana tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man da ake turowa ta bututu daga Agadem, tana tsaye ita kaɗai a fili da hasumiyoyinta. Bayan Bakin Birji gawo ya fara ja da baya, aduwa da ƙaya suka karɓe, gonaki suka yi faɗi, tazarar shuka ta ƙaru, ƙauyuka suka yi nisa da juna. Kano tana samun ruwan sama wajen milimita 800 ko fiye a shekara, Damagaram kusan rabin haka, Tanut ƙasa da 300. A taswirar yanayi ana haɗa wuraren da ruwansu ya zo ɗaya da layi, layukan suna kwance daga yamma zuwa gabas, ɗaya bisa ɗaya. Su ne ke yanke wa mutum abin da zai shuka da abin da zai kiwata, kuma babu sanda ko tuta a kan ko ɗaya.

Ƙasar Damargu ke nan, wadda tun da can ita ce rumbun geron Abzinawa, suna saukowa da gishiri su koma da hatsi. Hausa ake ciniki da ita a kasuwar Tanut, amma ga Buzaye, ga Fulani Bororo, ga Dagirawa masu jin Barbarci. Na tambayi kaina ko har yanzu ina ƙasar Hausa. Irin wannan yanki, wanda yake a zukatan mutane ba a dokar kowa ba, ba ya da bakin da za ka taka ka ce nan ya ƙare. Sirancewa yake yi a hankali.

Akwai layi ɗaya da hukuma ta gwada shatawa a nan. A 1961 Nijar ta yi doka ta sa iyakar noma ta arewa: kudu da ita ƙasar manoma, arewa da ita ta makiyaya, kuma manomin da ya yi shuka a can, in dabba ta ci, ba shi da diyya. Na tambayi wani dattijon Buzu da muke shan shayi a rumfarsa ko ya san inda layin ya bi. Ya ce ya sani sarai, amma gonaki sun tsallake shi tun yana yaro, duk shekarar da aka samu damina mai kyau sai su ƙara gaba, in fari ya zo su bar fako su koma. Ya kirga mini hanyarsa ta zuwa kudu da rijiyoyi: wadda ruwanta ke da zartsi, wadda sai an haɗa igiya biyu, wadda masu ita ba sa hana baƙo. Ya ce burtalin da suke bi yanzu an kafa masa turakun siminti masu fenti don kada a nome shi, wani wuri ana kiyayewa, wani wuri an tumɓuke.

Na ce, "Baba, yaushe za ku gangara?" Ya ce sai hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, bayan manoma sun gama kwashe wake da kara, kuma bana ba a sanar ba tukuna. Shi ya sa garken duk suke tsaye a arewacin gari, shi ya sa kuma raguna suka yi araha a kasuwar ranar. Ɗan kawu ya sayi abin da kuɗinsa ya kai, aka ɗaure su a saman mota, ya ce wasu Mai'aduwa za su, wasu har Legas.